Inna Asibi da Allura ta Biyu

Duk wanda ya bi ta bayan kasuwar Zurmi da hantsi, hancinsa zai san gidan Inna Asibi kafin idonsa ya gani. Daddawa take yi, ta kalwa, mai ƙarfin da ƙwaya guda ke tayar da tukunyar miyar kuka. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, don haka shekara da shekaru kayan shanyata warin daddawa suke yi. Ban taɓa yin ƙorafi ba, tunda ban taɓa sayen daddawa ba.

'Yar Birnin Tsaba ce, aure ya kawo ta. Ta yi haihuwa uku, babu wanda ya kai yaye. Daga ita sai mijinta Malam Armiya'u mai gyaran keke, a gidan da ya yi musu yawa. 'Yan ɗakinsu duk sun rasu sai mutum ɗaya, wanta Yaya Shu'aibu, wanda ya hau motar shanu a Shinkafi tun tana budurwa, ya ce zai bi ta Sudan ya sauke farali ya dawo. Ya sauke faralin, dawowar ce ba a yi ba. Ya zauna a Madina yana ɗinki, ya yi iyali, ya tsufa. Fiye da shekara arba'in ba ta gan shi ba sai a waya, fuskarsa na tsinkewa tana haɗuwa, ita kuma tana ta ɗaga murya kamar Madinar a bayan katanga take.

A shekara ta biyu da zuwan korona aka ce mata ciwon ƙoda ya kwantar da shi, kuma ita yake ta ambato. Ɗansa Abdulhadi ya ce zai shirya musu umara ita da Malam. Sharaɗi ɗaya ne: jirgi ba ya ɗaukar kowa sai wanda aka yi wa allurar korona sau biyu.

A lokacin, in ma'aikatan allura suka shigo unguwa, maza masu gemu ma ta ƙofar baya suke sulalewa. Inna Asibi kuwa zanen Sallarta ta ɗaura, ta sa Malam a gaba har asibiti. Ita ce ta farko a layin da bai cika mutum goma ba. Aka yi musu allurar, aka ba su kati, aka ce su dawo bayan wata biyu.

Kafin wata biyun nan Malam Armiya'u ya faɗi a bakin rumfarsa, bai ƙara tashi ba. Mutumin da ya yi shekaru yana fama da hawan jini, yana ɓoye maganin a cikin akwatin sifana, amma ranar zaman makoki kowa ya zama likita, wai allura ce. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. A gabanta ake faɗa, kuma kowa ya san wa ya kai shi asibitin.

Ta shiga takaba. Masu gaisuwa suka watse. Ba a jima ba gwamnati ta yanke layin waya a faɗin jihar saboda 'yan bindiga, aka rufe kasuwanni, ni ma hanya ta tsare ni a Gusau wurin ɗiyata mai jego. Babu kasuwa, babu dalilin dafa kalwa. Daga baya ta ce min kullum sai ta sa wayar a caji ta cika, ta ajiye ta kusa da tabarmar sallah, alhali ta san babu abin da zai shigo. Ba ta san ko Yaya na da rai ba. Ta ce abin da ya fi damunta shi ne dafa tuwon mutum ɗaya, hannunta bai iya awonsa ba.

Da lokacin allura ta biyu ya yi, ta aika wa Malami, wan marigayi, tana neman izinin zuwa asibiti. Ya ce mai takaba ba ta taka waje, balle don abin da ya kashe masa ƙane. Malamai sun ce ana fita don lalura, amma babu wanda ya tambaye su, ita kuma ba ta da bakin jayayya da dangin miji a irin wannan hali.

Sai ta yi tunani irin na macen da aka yi wa komai a madadinta tun tashinta. Tana cikin ɗaki aka ɗaura mata aure, wani ne ya amsa da bakinta. Daddawarta wata ke kai wa kasuwa. Rabon gadon Malam ma wani ya zauna mata. Ta kuma ji cewa a can Makka kanta, mara ƙarfi yakan wakilta wani ya yi masa jifa. To allura ta fi jifan Shaiɗan ne?

Ta kira Rahma, bazawarar da ke kai mata daddawa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis.

"Rahma, za ki iya amsam min allurag ga? Ga kati. Ki ce ni na aiko ki."

"Inna, wadda anka ce ita ta kashe Malam?"

"Ƙarya suka yi. Ga ni zaune, ba ta kashe ni ba."

Rahma ta tafi asibiti. Ma'aikaciyar ta yi dariya, ta ce ba a yin haka, amma tunda ta zo bari a yi mata tata. Rahma ta miƙa hannu, ta dawo da kati biyu da kafaɗa mai zafi.

"Inna, da hwari ta ce ba a yi, amma dai daga baya ta yi."

"Ta shiga jiki?"

"Ta shiga."

"To ta karɓu. Allah shi yi miki albarka."

Cikinsu babu mai karanta boko. Rahma ta kwanta zazzaɓi, Inna Asibi ta shimfiɗa mata a ɗakinta, tana dama mata kunu tana ba ta haƙuri, wai ta ɗaukar mata ciwon da yake nata. Ta ce kwanakin nan ne kaɗai gidan ya yi mata kama da gida.

Ta fita takaba daidai da dawowar waya. Yaya na da rai, amma magana sai da ƙyar. Washegari ta ɗauki jakarta sai Kaura Namoda, ofishin mai shirya tafiyar. Ya duba katunan, ya ce ɗaya kawai aka yi mata. Ta ce a'a, biyu ne, ga ta wakiliyarta nan. Mutumin ya buɗe baki zai yi dariya, da ya dubi fuskarta sai ya fasa.

"Inna, jirgi jikinki za shi ɗauka, ba na Rahma ba."

A ranar aka yi mata ta biyun a asibitin Kaura, aka ce sai ta yi mako biyu kafin ta tashi. Cikin mako biyun nan wani sabon nau'in cutar ya ɓulla, Saudiyya ta dakatar da jiragen Nijeriya. Na dawo daga Gusau na same ta jaka a ɗaure a bakin ƙofa, ta ƙi kwance ta. Jakar na nan ɗaure Abdulhadi ya kira ya ce an yi wa Yaya sallah a masallacin Annabi.

Da azumi aka buɗe hanya, ta bi ayarin mata daga Kaura. A filin jirgi na Kano ma'aikaci ya yi wa katin kallo ɗaya ya miƙo mata.

Abdulhadi ya kai ta Baƙi'a, maƙabartar Madina. Mata ba sa shiga, daga waje suke tsayawa suna leƙe ta tsakanin ƙarafa. Ta leƙa ta ga fili iya ganinta, tudun ƙasa bayan tudun ƙasa, kowanne da ɗan dutse, babu suna ko ɗaya. Ta ce masa wanne ne. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce an yi ta binne mutane tun lokacin, amma wajen can ne, ya nuna da hannu.

Ta riƙe ƙarfen da hannu biyu, ta fuskanci wajen can ɗin, ta ɗaga murya har mutane suka waiwayo.

"Yaya Shu'aibu, Asibi ce. Ban san inda kake ba, amma ga ni na zo."