Ranar da Ma'u Ta Yi Jinyar Surukinta

Yayata Ma'u ko ƙofar makaranta ba ta taɓa takawa ba, amma a ƙauyenmu na kusa da Wad Haddad duk wanda za a kwantar a asibiti ita ake nema ta zauna masa. Murafik muke ce wa mai wannan zaman. Ita ke sayo magani, ta kori 'yan dubiya, ta yi faɗa da mai gadi. Bakinta kuwa, Allah ya kiyaye, ni da muka sha nono ɗaya ma ban tsira ba.

Mutum ɗaya ne bakin nan ke mutuwa a gabansa, Abdussalami, mijin 'yarta ta fari. Ba ta faɗin sunansa, in ta hango shi a hanya sai ta ratse cikin auduga.

To, shi ne lauje ya sare shi a ƙafa a hawasharsa, wato gonarsa. Ya ɗaure da tsumma ya ci gaba da shiga ruwan ban gona, wai shi namiji. Ƙafa ta kumbura ta yi ruwa, zazzaɓi ya rufe shi har ya daina gane mutane. Matarsa tana jego, dole Ma'u ta ja mayafi ta hau mota, ni ina biye da ƙullin kaya.

Likita ya ce cuta ta shiga jini, jinin ya yi ƙasa, ƙoda ta tsaya. Aka wanke ciwon, aka jera allurai, aka yi ta ƙarin ruwa leda bayan leda. Ya nuna wa Ma'u jakar fitsarin da ke rataye a gindin gado, ya ce in fitsari ya sauko akwai sa rai, in ta zauna a bushe sai addu'a. Ni kam tsoro ya kama ni, na fita na sha kukana. Ita kuwa ta juya wa mara lafiya baya ta zauna a ƙasa, idonta ƙur a kan jaka.

Washegari da hantsi jaka ta fara ɗiga. Ma'u ta miƙe ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya, a kan fitsarin suruki fa! Ɗakin ya kwashe da dariya.

Da la'asar Abdussalami ya buɗe ido. Ya dubi wadda ke tsaye tana masa fifita, ya lallaɓa ya ja zanen gado ya rufe fuska. Nas ta tsorata, za ta ruga kiran likita, Ma'u ta riƙe mata hannu.

"Bar shi, 'yar nan. Ya gane ni."

Ta miƙo mini maficin, ta sulale waje tana share ido.