Aduwar Tsakar Gidanmu

Shekaranjiya jikata ta ɗauki ƙwayar aduwa a tsakar gida, ta ɓare, ta tsotsa sau ɗaya ta tofar, wai ɗaci. Na yi dariya, amma ɗacin nan mai haɗe da zaƙi sai da ya dawo mini a harshe, ya mayar da ni lokacin da nake kamarta, a wannan gida namu na Yakasai.

Kakata ta wajen uba ce ta shuka bishiyar. Ita mutuniyar arewacin Borno ce, daga wani ƙauye da ta ce rairayi ya kewaye shi, rijiyarsu kuma sai an haɗa igiya uku kafin guga ya taɓa ruwa. Da aure ya kawo ta Kano, ta ƙullo ƙwayoyin aduwa a bakin zaninta. Ɗaya ce ta tsiro, a lungun da ke kusa da madafa.

Idan ba ka san aduwa ba, ba bishiyar ado ba ce. Ganyenta ƙanana, ƙayarta koriya, mai tsawon ɗan yatsa. Amma da bazara, lokacin da komai ya bushe har tulu ba ya sanyaya ruwa, a sannan take fitar da 'yan furanni masu ruwan ɗorawa, ƙamshinsu ya cika gida da sassafe. Kakata takan tsinko sabon ganyen da furen, ta dafa, ta zubar da ruwan fari, ta kwaɗa mana da ƙuliƙuli. Tana yi tana lissafa mini tsirran garinsu: tumfafiya mai fure shuɗi-shuɗi a kan tudun yashi, da ƙarangiya, da wasu ciyayi da ke kwance a ƙasa shekara guda, sai ruwan farko ya sauka su tashi cikin kwana uku.

Ina da shekara tara baffana, ƙanen mahaifina, ya yanke shawarar sare ta. Yana son ƙara ɗaki a lungun, ya kuma shafe tsakar gida da siminti. Ga shi ƙaya ta soki 'yarsa a ƙafa har ta yi ruwa. Hujjarsa ba ta banza ba ce, mahaifina ma ya goyi bayansa. Wata safiya sai ga mutum biyu da gatura a soro.

Kakata ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo tabarmarta ta shimfiɗa a gindin bishiyar, ta ajiye buta da carbi, ta jingina da kututturen.

Baffa ya durƙusa ya ce, "Iya, ki yi haƙuri ki tashi. Zan kawo miki dashen mangwaro."

Ta ce, "Mangwaron naka, wa zai ba shi ruwa?"

Da abin ya ƙi, aka kira mai unguwa, dattijo ne da kowa ke jin nauyinsa. Ya gaishe ta, ya ce, "Hajiya, itace ne fa. Yara kuma wuri suke nema."

Ta dube shi ta ce, "Malam, shekarar da ruwa ya ƙi sauka a garinmu, mu bakwai ne a ɗakin mahaifiyata. Da ganyen wannan ta riƙe mu, biyar muka rayu. In za su sare, ga ni nan zaune, su fara."

Masu gatura suka saɓa kayansu suka fita. Amma ba ta tashi ba, don baffa bai ce ya janye ba. Kwana uku a nan take sallolinta, cikin zafin nan na bazara, ta kuma ƙi taɓa kwanon da ke fitowa daga ɗakinsa. A rana ta uku ya zo da kansa ɗauke da fura, ya ce ya janye. Sai da ya maimaita a gaban mahaifina sannan ta karɓa.

An gina ɗakin, ƙarami, da bango a karkace don ya kauce wa saiwa. Ita kuma daga ranar, kullum da safe sai ta tsince ƙayar da ta zubo kafin yara su fito, har ƙarfinta ya ƙare.

Yau ka leƙa gidajen unguwarmu, siminti ne daga soro har bayan gida. A bakin titi ana sayar da furannin ƙasashen waje da sai an shayar da su safe da yamma, a garin da famfo ke yin mako bai kawo ruwa ba. Da aka raba gado, lungun nan na roƙa, 'yan'uwa suna mamaki. Watan jiya ɗana ya shigo da magini, wai a fitar da shago ta wajen. Na ce masa ya auna yadda yake so, amma ya fara awon daga inda inuwar aduwar ta ƙare.