Mai Zare, Likitan Da Ya So Hannunsa Ya Kai Nesa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Laraba, sha huɗu ga watan Maris, jim kaɗan bayan sallar azahar, Allah Ya karɓi ran likitan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da duk asibitinmu ke kira Mai Zare. Ya cika ne a hawa na uku, a ɗakin da ya sha shiga duba marasa lafiya, bayan doguwar jinyar ciwon hanta. Bai kai shekara sittin ba.

Ni injiniya ce, ban taɓa yi wa kowa tiyata ba. Amma na daɗe ina aiki tare da kai, Likita, don haka ka bar ni in yi maka magana yau kai tsaye, yadda muka saba.

Ma'aikatan jinya ne suka raɗa maka wannan suna, saboda aikinka. Idan jini ya daskare ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwar mutum, ɓarin jikinsa ya shanye, kai ne kake zura waya siririya kamar zare ta jijiyar cinyarsa, ka bi da ita a hankali har cikin kai, kana kallon allo, ka janyo gudan jinin. Kana yin haka ne a tsaye gefen na'urar ɗaukar hoto, sanye da rigar dalma mai nauyi don kariya daga haskenta. Rigar ce ta karkatar maka da kafaɗa, har daga nesa ake gane tafiyarka.

Ranar da ka fara shigowa ɗakin ƙere-ƙerenmu, bokiti ne a hannunka. A ciki akwai jijiyoyin roba da ruwa mai jan launi. Ka ajiye shi a kan teburina, a kan zanen da nake yi, ka ce, "Ƙanwata, an ce kina ƙera hannun ƙarfe. Ina son ki ƙera min wanda zai kai garin da ba na nan."

Sai ka zauna ka ba ni labarin abin da ya hana ka sukuni. Ka ce yawancin waɗanda ake kawo maka daga ƙananan garuruwa a hanya suke rasa ƙwaƙwalwarsu, motar asibiti na gudu, jijiya na toshe. Kafin su iso, babu sauran abin da za ka ceto. Ka ce ba za ka iya raba kanka ga kowane gari ba, amma ana iya ajiye mutum-mutumi a ƙaramin asibiti, ya riƙe wayar, kai kuma kana birni kana sarrafa shi. Na ce maka aikin yana da wuya. Ka ce ai ba ka tambaye ni ko yana da sauƙi ba.

Na'urar farko da muka haɗa, kana kama madafinta, wato mariƙin da ake sarrafa ta da shi, ka huda jijiyar roba, jan ruwa ya malale har kan takalmanka. Ka dube ni ka ce, "To, kin kashe min Baba." Daga nan kowa ya koma kiran robar nan Baba, har mai sharar ɗakin kan tambaya ko Baba ya kwana lafiya. Amma bayan dariyar ka faɗi gaskiyar da ta ci mana shekaru: yatsunka suna jin lokacin da waya ta dafa bangon jijiya, na'urarmu kuwa kurma ce, ba ta gaya maka komai. Mun sha gardama a kan wannan. Ina nuna maka lissafi, kana nuna min yatsa. Ba ka taɓa ɗaga min murya ba, kuma ba ka taɓa sassauta min ba, har sai da madafin ya koyi turo hannunka baya idan waya ta ci karo.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ranar da muka fara gwaji a kan mutum, wani direban babbar mota, da yardar iyalinsa da izinin kwamitin asibiti. Kana ɗaki ɗaya, shi yana na kusa. Ana tsakiyar aiki na'urar ta cije. Ban taɓa ganin ka yi gudu ba sai ranar. Ka zura rigar dalma, ka ƙarasa da hannunka, direban ya tashi lafiya. Wasu cikinmu suka ce tunda mutum ya rayu, a rubuta an yi nasara. Ka ce a'a, a rubuta cewa na'ura ta gaza, likita ya ƙarasa, a kuma bayyana dalili filla-filla don kada wani mai bincike a wani wuri ya faɗa ramin da muka faɗa. Saboda wannan rubutu kwamiti ya dakatar da mu tsawon lokaci, biyu daga cikin abokan aikinmu suka kama gabansu. Kai kuwa kullum da safe sai ka leƙo ɗakinmu ka ce, "Ina aka kwana?" har muka gano laifin muka gyara.

Lokacin da aka sake ba mu izini, ciwo ya riga ya fara cin ka. Rigunanka sun yi maka yawa, kana riƙe bango idan za ka hau bene. A cikin wannan hali ne aka bugo daga ƙaramin asibitin da muka kafa na'urar, tafiyar rabin yini daga nan. Wata malamar makaranta ce ta faɗi a gaban allo da alli a hannunta, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Likitan can ya zura wayar a cinyarta, ya ɗaura ta a hannun na'ura. Ka zauna a kujerarka, ka yi bisimilla, ka kama madafi. Ina tsaye bayanka ina kallon ƙarfin layin sadarwa. Muka ga wayar tana hawa a kan allo, ta ratsa wuya, ta shiga lungun da jini ya tsaya. Da ka janyo gudan, sai jijiyoyin da suka ɓace suka sake bayyana kamar rassan bishiya.

Can sai muka ji muryar ma'aikaciyar jinya ta lasifika tana dariya da kuka a haɗe. Ta ce malama ta yi magana, kuma abin da ta fara tambaya shi ne wa aka bar wa 'yan ajinta. Ka sunkuyar da kai. Da ka ɗago sai ka ce, "Alhamdulillahi. A rubuta jinkirin da aka samu wajen lanƙwasar jijiya ta biyu, ban ji daɗinsa ba."

Da muka je gaisuwa gidanka, mai ɗakinka ta ba mu labarin da ba mu sani ba. Ta ce duk mara lafiyar da ya zo maka a makare, wanda ba ka iya yi wa komai ba, sai ka bi iyalinsa har bakin ƙofar asibiti ka yi musu bayani a tsaye, ka tabbatar musu ba sakacinsu ba ne, nisa ne. Ta ce idan ka dawo gida irin wannan rana ba ka cin abinci, sai dai ka zauna kana gyara keken jikanka, ko da bai lalace ba. Babbar 'yarka kuma ta ce ta daɗe da sanin cewa na'urar nan yayarta ce, don ta fi ta samun lokacin mahaifinta. Ta faɗa tana murmushi, hawaye na zuba.

Zuwana na ƙarshe wurinka, na tarar da abokiyar aikinka da muke kira Gwaggo, likitar da ka miƙa wa kujerarka. Muryarka ta dushe, sai da muka matso. Ka tambayi ranar da za a kai na'ura ta biyu wani ƙaramin asibiti da ke bayan kogi. Gwaggo ta ce, "Ranka ya daɗe, mun ce a bari ka ɗan ji sauƙi."

Ka girgiza kai. Ka ce, "Jinin mutanen can ba zai jira ni ba. Ko ina nan ko ba na nan, kada ku ɗaga."

Ba mu ɗaga ba, Likita. Akwatunan suna nan a ɗaure a bakin ɗakinmu, mota za ta zo ranar Litinin, ni da kaina zan bi ta. Gwaggo ta fara horar da likitocin can. Har yanzu aikin yana matakin bincike, akwai tambayoyin da ba mu da amsarsu, akwai ranar da layi zai yanke ko na'ura ta sake cijewa. Idan ranar ta zo, za mu rubuta ta yadda ta faru, mu gyara, mu ci gaba. Wannan alkawari ne na ɗauka a gaban duk wanda ya karanta wannan rubutu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka, tsohuwar da ta ga tafiyar ɗanta da idonta, da mai ɗakinka, da 'ya'yanka da jikokinka, da ma'aikatan sashenka da har yau suke kasa kallon kujerarka. Allah Ya ba su haƙuri, Ya zama gatansu.

Allah Ya jiƙanka da rahama, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Allah Ya sa duk harshen da ya sake furta kalma da duk hannun da ya sake motsi ta dalilin wannan aiki su zama sadaka mai gudana gare ka. Mu kuma da ka bari da aikin, Allah Ya ba mu ƙarfin kai shi inda ka nufa, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.