Ranar da Na Shanya Binciken 'Yan Jami'a

Ko tsufa ya ɗauke mini komai, ba zai ɗauke mini abin da na aikata a wata damina a ƙauyenmu na wajen Gidan Sori ba. Shekara biyu a jere murzuna, tsutsar nan mai cin zangarniya, tana gama mana hatsi. In ta sake ci a ta uku, sai dai mu sayar da awaki.

Sai ga 'yan jami'a a mota. Wallahi ban gane kansu ba. Wani yana haƙa ƙasa yana zubawa a leda, wani yana ƙirga ƙwari, wata budurwa kuma tana bin gidaje tana tambayar abin da muke ci. Na ce a raina, mi ya haɗa tuwona da ramin gona?

Maza aka tara aka yi wa bayani. Maigidana ya dawo da wani ɗan buhu da suka ba shi, ya ce, "Ajiye, gobe zan rataye shi a bishiyar gona." Ya hau babur sai kasuwar Gidan Rumji.

Ni kuwa ba a ajiye hatsi a ɗakina ban duba ba. Ina kwancewa, subhanallahi! Tsutsa ce birjik a ciki. Har tausayinsu na ji, masu karatu haka a cuce su da ruɓaɓɓen hatsi. Na shanya shi a rana, na sheƙe, kaji suka yi biki, na mayar da shi tas na ɗaure.

Da la'asar budurwar nan ta leƙo, na miƙa mata ina jiran godiya. Ta buɗe, ta daɗe tana kallo.

"Inna, ina tsutsar?"

"Na raba ki da ita, ɗiyata."

Ta zauna a kan turmi ta dafe kai. Wai tsutsar abinci ce ga wasu ƙananan ƙwari da ke cikin buhun. Su hayayyafa, su fita, su je su kashe murzuna. Na ce, "Tsaya. Kun kawo ƙwari su yi maganin ƙwari?" Ta ce e. Na ƙara ruɗewa, ga kunya kamar in nutse.

Babu sauran buhu, an rabar da su duka. Gonarmu ita ce a ƙarshen gari, nesa da ta kowa, ƙwarin maƙwabta ba su iso ta ba. Da kaka maƙwabta suka cika rumbu, namu ya tsaya rabi, muka sayar da akuya biyu.

Budurwar ba ta taɓa ɗora mini laifi ba. Ta ce kuskurensu ne, sun yi wa maza bayani alhali hatsi a hannun mata yake kwana. Da damina ta zagayo, mu mata aka fara tarawa.

Tun daga nan, in na ga abin da ban gane ba, sai na tambaya kafin in ce zan gyara. Hannuna da ya iya aiki shi ya rage wa 'ya'yana tuwo a shekarar nan.