Kawu Sale da Rigar da Bai Gama Ba

Duk wanda ya san Kawu Sale Tela a Kazaure ya san ba fuska yake fara gaisarwa ba, bakin riga ne. Kana miƙa masa hannu biyu kana rusunawa, shi kuma ya riga ya cafke gefen rigarka ya birkice yana duba ɗinkin ciki. Sai ya gama tukuna ya ce, "Af, ashe kai ne." Maganarsa kullum ɗaya ce: riga daga ciki ake gane ta.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma na fi kowa shan wannan bincike, don yawo ya yi mini yawa. Ɗan Yawo ma yake kirana. Na taɓa dawowa daga Kwatano da wata shadda mai ƙyalli, ina tafe ina buɗa kafaɗa. Kawu ya juya bakinta, sannan ya tambaye ni ko telan yana da rai. Na ce yana nan lafiya. Ya ce, "To Allah ya shirye shi."

Tsimi kuwa, kada ma a yi magana. Guntun zaren da ya faɗi ƙasa sai ya tsince ya saka a gwangwanin madara. Ranar da guguwa ta watsar masa da gwangwanin a kasuwar Babura, sai da ya tsayar da masu awon gero suka ɗaga buhuna. Wani Ba'adare ya ce zai saya masa sabon zare ya huta. Kawu ya ce ya gode, amma wannan ɗin sun saba.

To, abin da ya dame shi shekara da shekaru, 'yan fim ne suka jawo. Sun zo ɗaukar wani labarin mutanen zamanin da a duwatsun Roni, suka ba shi ɗinkin babbar rigar da madugun fatake zai saka. Kawu ya yi aiki na gani na faɗa, saura kalmasar ƙasa kawai, wadda ya ɗan kama da jan zare na wucin gadi. Ya tafi sallar azahar, kafin ya dawo sun zo a gurguje sun ɗauke rigar daga kan keke, wai rana za ta juya musu. Kawu ya hau acaɓa har Roni da allura a hula. Ya tarar sun tashi.

Tun daga ranar allurar nan ba ta bar hularsa ba, da zarenta a ciki. Fim ya yi suna, gari ya ɗauka, shi ko kallo ya ƙi. In yara suna ba shi labarin yadda madugu ya yi artabu da 'yan fashi, tambayarsa ɗaya: "Da rigar ya yi gudun?" In aka ce e, sai ya dafe kai. Muna dariya, amma shi da gaske yake. Ya taɓa gaya mini ba ya son ya koma ga Allah da aikin da ya karɓi amanarsa bai gama ba.

Bayan kusan shekara ashirin, ina Kano na ga ana baje kolin tufafin manyan finafinai a wani gidan tarihi. Na shiga, ga rigar nan a jikin mutum-mutumi, bayan igiya. Bakina da bai iya riƙe labari ba, ina komawa Kazaure na fesa wa Kawu! Washegari Kawu ya riga ni shiga mota.

Duk hanya ina roƙonsa. Na ce Kawu, wurin nan kallo ake yi, ba a taɓawa, akwai masu gadi. Ya ce shi ma ai kallon zai yi, daga ciki. Ni da na tsallaka iyakoki ban ji ɗar ba, ranar gumi ya jiƙa mini riga, ina ta lissafin wanda zan kira ya yi belinmu.

Muna shiga ya wuce rawuna da alkyabbu ko waiwaye babu. Ya tsaya gaban rigarsa, ya yi mata sallama, ya ɗaga ƙafa zai haura igiya. Mai gadi ya taso. Kafin ya iso wata ma'aikaciyar wurin ta shiga tsakani, ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi abin da Baba yake nema. Na yi maza na kwashe labarin na gaya mata. Ta ce ba za a ƙara ko zare ɗaya ba, don yadda aka saka ta a fim haka ake ajiye ta, amma za ta nuna masa. Ta sa safar hannu, ta ɗaga bakin rigar a hankali.

Jan zaren yana nan. Ko ina bai saki ba.

Kawu ya sunkuya ya daɗe yana kallo. Ya ce, "'Yata, ɗan ja mu gani." Ta ja. Bai motsa ba. Ya sauke wata ajiyar zuciya da ni kaina sai da na ji nauyi ya sauka daga wuyana. Ya ce, "Ashe na gama ban sani ba."

Sai ya zare allurar daga hula ya miƙa mata, ya ce ta ajiye ko da kalmasar za ta saki wata rana. Kafin mu fita kuma, don hali zanen dutse, ya faɗa mata hannun rigarta na hagu ya fi na dama tsawo. A hanyar gida Kawu Sale ya saya wa mota guda tsire. Direba sai da ya tambaye ni ko lafiya.

Bayan rasuwarsa na sake bi ta wurin. Rigar tana nan, a gefenta kuma an shimfiɗa ɗan farin ƙyalle, allurar Kawu a kai da zarenta. Na tsaya ina dariya, sai na ji idona ya cika.

Allah ya jiƙan Kawu Sale. Ya rufa wa mutane jiki tsawon rayuwarsa, Allah ya rufa masa asiri ranar da za a duba kowa daga ciki. Amin.