Sarkin Rum a Cocinmu na Unguwar Boro

Shekarar da na fara koyar da tarihi a wata sakandare a Sabon Tasha, ina zaune wurin ƙanwar babana a Unguwar Boro. Matasan cocinmu suka ce in rubuta musu wasan kwaikwayo na bikin Ista a kan Kiristocin farko, da sarkin Rum ɗin nan da aka ce ya cinna wa birninsa wuta, ya hau bene yana kaɗa molo.

Na amsa, amma hankalina ya ƙi kwanciya. A jami'a an nuna mana cewa ba ya ma cikin birnin lokacin da gobarar ta tashi. Da labari ya iske shi ya komo da gaggawa, ya buɗe lambunansa ga waɗanda suka rasa matsuguni, ya karya farashin hatsi. Manyan da suka tsane shi ne suka rubuta tarihinsa bayan ya mutu. Sai na sa wannan a wasan, na cire molon.

Ran gwajin farko, dattijon da ke kula da matasa, tsohon ma'aikacin masaƙa, ya saurara har ƙarshe, sannan ya kira ni gefe.

"Malama, wanke shi kike so ki yi?"

"A'a, Baba. Ya kashe uwarsa, ya ƙone 'yan'uwanmu da ransu, duk na bar su a ciki. Wutar birnin ce babu tabbas."

"Wanda ya ƙone mutum, gida ne zai gagare shi?"

A shekarar an yi rikici, an ƙona ɗakunan ibada, kowa a cikin bas yana da labarin wanda ya fara ƙyasta ashana, ba kuma wanda ya gani da idonsa. Irin wannan zargi marar shaida ne ke cina a labarin sarkin. Na so in faɗa masa, amma cocin ƙanensa na cikin waɗanda suka ƙone, sai na tattara takarduna na tafi gida.

Makon nan ko tuwo a tsaye nake ci. In rubuta, in yage, in fita har bakin titi, in dawo. Anti ta tambaye ni ko wani saurayi ne ya ɓata mini rai.

A ƙarshe ni da Baba muka raba: ya bar mini lambun, na mayar masa da molon. Ranar wasan, telan da ya fito a matsayin sarki ya fara raba wa mutane hatsi, coci ya yi tsit, an rasa mai tafawa. Da ya ɗauki molon kuwa, sai tsaki da dariya suka ɓarke, kowa ya saki jiki.

Baba ya ce wasa ya yi kyau. Ni dai na fice tun kafin addu'ar rufewa, na tafi gida a ƙasa, ban jira kowa ba.