Ruwan Ɗumi da Zanen Kaka

Duk ranar da na ɗora babbar tukunya a wuta, ruwa ya fara tafasa har tururi ya rufe gilashin tagar kicin, sai Kaka ta faɗo mini a rai. Ba girkinta nake tunawa ba, ko da yake miyar kukarta ba ta da ta biyu. Ranar da aka yi mini baftisma nake tunawa. Ku yi haƙuri ku biyo ni, za ku ji abin da ya haɗa baftisma da tukunya.

Ina da shekara tara muka baro Najeriya muka sauka a garin Greenbelt na ƙasar Amurka, a wani gida mai hawa uku inda ƙanshin girkin kowa yake haɗuwa a matakala. Bayan shekara biyu Baba ya ɗauko mahaifiyarsa ta zo ta zauna da mu. Gajeriyar mace ce mai baki, ta daɗe tana shugabancin zumuntar mata a ƙauyenmu. Ta iso da akwati ɗaya, da littafin waƙoƙi wanda bangonsa ya cire, da wata magana da ba ta rabuwa da bakinta: "A zamaninmu."

Majami'ar da muke zuwa a Lanham ba tamu ba ce. Ta wasu Amurkawa 'yan Baftis ce, su yi sujadarsu da safe, mu kuma 'yan Arewa mu shiga da ƙarfe biyu na rana. Babu abin da ya burge Kaka a wurin. Kujerun sun cika laushi. Waƙa a bango ake haska ta, ba wanda ya haddace ko baiti ɗaya. Fasto yana wa'azi mutane suna satar kallon agogo. A zamaninsu, in ji ta, tun carar zakara ake kama hanya, a haye rafi da Littafi Mai Tsarki a ka, kuma ba a tashi sai rana ta karkata.

Wadda ta fi shan wahalar Kaka ita ce wata mata da muke kira Anti, mai aikin jinyar tsofaffi. Da kayan aikinta take shigowa, kuma kafin Fasto ya gama karanta aya kanta ya langaɓe. Kaka ta mai da kujerar bayanta wurin zamanta, da ta ga kan ya fara lilo sai ta zungure ta da littafin waƙoƙi. Mama ta sha gaya mata cewa daga wurin aiki matar take zuwa. Kaka ta ce ai su ma daga gona suke zuwa.

To, akwai wani zane. A ƙauyenmu, idan aka tsoma mutum a rafi ya fito, wata babba a gidansu tana tsaye a bakin ruwa da zane a hannu, ta lulluɓe shi, mata su rangaɗa guɗa. Kaka tana da nata, shuɗi ne da ya koɗe saboda tsufa. Da shi mahaifiyarta ta lulluɓe ta, da shi ta lulluɓe Baba da ƙannensa da duk jikokinta na gida. Yana can ƙasan akwati cikin kafur. Nakan buɗe a ɓoye in shinshina, ina ƙirga shekarun da suka rage mini.

Ina da shekara goma sha huɗu na gama ajin baftisma, aka sa rana a watan Fabrairu. Kaka ta ce sai ta ga ruwan da idonta. Bayan sujada Baba ya kai ta bayan bagadi, inda aka gina wani babban baho mai matakala. Mai kula da ginin, wani dattijo Ba'amurke mai fara'a, ya yi ta bayani da alfahari cewa akwai na'urar da take ɗumama ruwan. Da Baba ya yi wayo da ya haɗiye wannan bayanin. Amma Baba mutum ne mai gaskiyar tsiya, ya fassara mata kaf.

Kaka ta dafe ƙirji. "Ruwan zafi? Baftisma za a yi mata ko wankan jego?"

Kowa ya fashe da dariya, har da ni. Sai ta ƙara da cewa, "Zanena ba zai fito don wankan baho ba." Nan dariyata ta tsaya.

Na yi kuka a makon nan, ba kaɗan ba. Ba zanen kawai ba ne. Ji na yi kamar Kaka ta jera jikokinta ta ce waɗannan Kiristoci ne na gaske, wannan kuwa ta Amurka ce. Baba ya ɗauko Littafi ya buɗe mata ayoyi, yana nuna mata babu inda aka ce sai ruwan sanyi. Ta ce ta san ayoyin nan tun bai yi haƙori ba.

Ranar Juma'ar ƙarshe kafin baftismar dusar ƙanƙara ta fara zuba, ba ta tsaya ba sai da ta binne motoci. Ranar Lahadi masu ginin suka soke sujadarsu. Fastonmu ya bi mutane da waya, ya ce duk wanda zai iya zuwa ya zo. Kaka ta leƙa taga ta ce ba wanda zai je, mutanen da yayyafi ma yake hana su fita. Duk da haka ta shirya, ta jibga riguna har ba ta iya sauke hannu sosai, ta ce za ta je ta ƙirga kujerun da ba kowa. Baba ya haƙo motar da shebur, muka yi ta rarrafe a hanya.

Da muka iso sai muka tarar da maza suna share ƙofar majami'a, mata suna karkaɗe takalma, yara suna jifan juna da ƙanƙara. Wasu a ƙasa suka tako. Muna gaisawa sai ga Anti ta ɓullo daga kwana, wandon aikinta a jiƙe har gwiwa. Kwana biyu ke nan ba ta koma gida ba, don masu karɓarta ba su samu hanya ba, kuma da aka sallame ta babu bas, sai ta kamo hanya a ƙafa. Kaka ta dubi ƙafafun nan ta daɗe tana kallo. Sannan ta juya ta shige ciki.

A ciki babu wuta. An cika bahon tun ranar Juma'a, na'urar kuwa ta mutu tare da lantarki. Fasto ya taɓa ruwan, ya kira mu ukun da za a yi wa baftisma, ya ce gara a ɗaga zuwa wani mako.

Na ce, "Ni zan shiga a haka."

Kada ku ɗauka ƙarfin bangaskiya ne. Haushi ne da taurin kai, kuma idona a kan Kaka yake lokacin da na faɗa. Ta taso a hankali, ta naɗe hannun riga, ta tsoma yatsu a ruwan, ta fizgo su da sauri.

"Kai! Wannan ai kisan kai ne. Ba wanda zai tsoma mini jika a cikin wannan."

Baba ya ce, "Inna, ba ke kika ce..."

"Rufe mini baki. Ina tukwanen gidan nan?"

A ƙasan ginin akwai kicin mai murhun gas, da manyan tukwanen da muke dafa shinkafar biki. Nan da nan Kaka ta raba aiki kamar tana filin taron mata a ƙauye. Aka jeru daga kicin har bayan bagadi, tukunya tana wucewa daga hannu zuwa hannu, tururi yana tashi a matakala. Da yake babu abin haska waƙa a bango, Kaka ta buɗe tsohon littafinta tana ba da baiti muna amsawa. Ashe manyan duk sun iya, ba su dai taɓa samun dalili ba ne. Anti ta zauna a gefe tana ɗumama ƙafa, barci ya kwashe ta. Na ga Kaka ta bi ta gabanta da littafin a hannu, ta tsaya, ta gyara mata mayafi, ta wuce.

In faɗi gaskiya, duk tukwanen nan kaifin sanyin kawai suka rage. Da Fasto ya tsoma ni sai na ji numfashina ya ɗauke. Na fito ina rawar ɗari, ruwa ya rufe mini ido, ban ga kowa ba. Ƙanshin kafur na fara ji. Sai hannuwa biyu suka naɗe ni tam, guɗa ta tashi daidai kunnena. Ashe tun daga gida ta ɗauro zanen a ƙugu, a ƙarƙashin rigunan nan da ta jibga. Farin cikin da na yi a ranar ban ƙara yin irinsa ba.

Bayan wasu shekaru, ina yi mata tsifa, na tambaye ta ko rafinsu ya kai ruwan nan sanyi. Ta yi dariya har da tari.

"Wane sanyi? Da bazara aka yi mana, gab da Ista. Rafin ya ƙafe saura wani ɗan gurbi, rana ta dafa shi ya yi ɗumi kamar kunu."

Na saki gashin na zagayo gabanta. Ta ce, "Tsoro nake ji, 'yar nan. Na ga komai ya zo muku da sauƙi, na ce za ku riƙe shi sakwa-sakwa ya suɓuce."

Kaka ta rasu, zanen yana hannuna. Yanzu muna da namu ginin, matasa a waya suke karanta Littafi, kuma kwanan baya na ji bakina yana cewa "a zamaninmu" a ajin Lahadi, har na waiga ko tana bayana. Idan aka tambaye ni ko mutanen zamanin Kaka sun fi mu aminci, ban san amsa ba. Na dai san wata ta haye rafi da Littafi a ka, wata kuma ta ratso ƙanƙara da kayan aiki a jiƙe, kuma wuri ɗaya suka nufa.

Wata mai zuwa za a yi wa jikar Anti baftisma, yarinyar ta roƙe ni in tsaya mata a bakin ruwa. Na fito da zanen na shanya ya sha iska. Kuma sau biyu ke nan ina tambayar mai kula da ginin ko na'urar ɗumama ruwan tana aiki.